Azumin da Muka Ɗaga Hannu a Kan Mai Awaki

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar zafi. Yaran gidan nan sai kuka suke yi da shi, alhali suna kwance mukayyif na hura musu sanyi, ruwa na jiran su a firji. Jikata Asma'u, mai ce min Sitti yadda Larabawa ke kiran kaka, ta leƙa taga ɗazu ta ce, "Ya Sitti, wallahi yau mutuwa," ta koma ta ja bargo. Bargo fa! Na dube ta kawai, don in na buɗe baki ba za mu kwashe lafiya ba.

Masu lissafi sun ce sai bayan shekara talatin da 'yan kai azumi yake komawa inda ya baro. Ni ban buƙaci lissafinsu ba, fatar jikina ta gaya min. Wannan iskar da ke dukan fuska kamar an buɗe tanderu, na san ta. Ita ce ta wancan azumin, lokacin muna zaune kan dutse a bayan titin Mansur, a nan Makka. Na daɗe ina ba da labarinsa ina dariya. Makon jiya dariyar ta ƙare min, shi ya sa na ɗauki biro. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Larabci a makarantar manya na koya, boko kuma matar wani ɗalibi 'yar Zariya ce ta koya min a kan tabarma. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

A wancan lokacin rana da garwa take farawa. Ana sallame Asuba mata za mu sauko daga dutse, kowa da garwa biyu, mu jeru a gaban tanki. Wani mai hali ne ya gina tankin a gindin dutsen don sadaka, ba mu taɓa ganinsa ba, motar ruwansa kawai muka sani, wadda ake ce wa wayit. Da can kullum take zuwa. Da azumi ya shiga, gari ya cika da masu Umra, sai ta koma kwana biyu, wani lokaci uku, wani lokaci ta zo da rabin ciki. Ka cika garwa ka hau matakalar nan da aka sassaƙa a jikin dutse, kafin ka kai ƙofa ruwan ya yi ɗumi, wuyanka kamar an ɗora maka turmi.

Da hantsi ba a taɓa kwanon rufi. Ƙofar ƙarfe sai da tsumma ake buɗe ta. Tattabarun Makka da ba su san tsoron mutum ba, za ka gan su a inuwar bango baki buɗe suna haki kamar karnuka. Mu jiƙa buhu da kofi ɗaya na ruwa mu kwanta a kai, kafin ka juya ya bushe. Yawun bakinka ya yi kauri, harshe ya manne a ganɗa, in ka yi tasbihi sai ka ji kamar kana tauna auduga. Ruwan da aka wanke wake da shi za a wanke kwanuka, na kwanuka a yayyafa a ɗaki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu ɗaukar tsofaffi a kan gadon katako suna yi musu ɗawafi. In ya dawo kafaɗarsa a saɓule take, ba ni da ruwan da zan gasa masa sai na rage daga na kunu.

Ƙosai da kunu muke yi, mu sauka da su bakin titin Mansur gab da Magariba. Abin da bai ƙare ba shi ne buɗa-bakinmu, in ya ƙare kuma dabino da burodi. Da yake gidan Goggo Hauwa ne kaɗai yake samun inuwar dutse bayan La'asar, can muke haɗuwa mu yi suyar tare, murhu uku, mata wajen goma. Goggo Hauwa ita ce babbarmu. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, suna tafe suna tsayawa noma a Sudan, sai da ta isa aure suka ga teku. Ɗanta direba ne, shi ya kawo mata ƙaramin talabijin marar kala da ake jona wa batirin mota. Sai a ɗora shi a kan duro a ƙofar ɗakinta, mu muna suya muna kallo.

Akwai wani shirin Turawa da ake sawa daidai wannan lokacin, lokacin da ƙishirwa ta fi cizo. Ba zan kama sunansa ba, ko yanzu bakina bai iya shi ba. Mutane ne a cikin kekunan doki masu rufin farin ƙyalle, jere kamar ayari, suna ratsa daji da duwatsu. Maza da mata da yara, da tukwane a rataye, da shanu a baya. Turanci suke yi, ana rubuta fassarar Larabci a ƙasa, amma a cikinmu babu wadda ta iya karanta ko alif. Mazan da suka iya suna wurin nema. Saboda haka Goggo ce mai fassara, da idonta take fassarawa.

Ran farko ma ta ajiye muciya ta ce, "La ilaha illallahu! Ku duba, alhazai ne."

Zulai, maƙwabciyata, ta ce, "Goggo, Nasara ne fa."

"To su ba su da wurin ibadarsu? Wa zai kwashi mata da tukunya ya shiga wannan daji in ba don Allah ba? Haka muka zo. Wallahi haka muka zo, keken ne kawai ba mu da shi."

Shi ke nan, suka zama alhazan Nasara, muka ɗauke su kamar dangi. Kuma sun shiga ranmu, ba zan yi ƙarya ba. Matansu riga har ƙasa, kai a rufe. Ba sa cin abinci sai sun sunkuyar da kai sun yi addu'a. Yaro ba ya ɗaga wa uba murya. In keken wani ya karye kowa ya sauko a gyara. Shugabansu wani dogo ne mai gemu, yana da wata takarda da yake ajiyewa a ƙirji, in magana ta yi zafi ya zaro ta ya nuna. Goggo ta ce fasfonsu ne. Akwai baƙin mutum guda ɗaya da yake tuƙa keken gaba, muka ce ai shi ne madugu, wa ya kai namu sanin hanya? In ya fito sai mu yi guɗa ƙasa-ƙasa. In ruwansu ya ƙare suna matse salka a bakin jariri, mu ma da namu busasshen maƙogwaron muna ta "Allah ka kawo musu ɗauki."

Sai kuma waɗancan, masu gashin tsuntsu a ka, da suke ɓullowa daga bayan duwatsu a kan dawakai babu sirdi. In suka bayyana kiɗan ma canjawa yake yi. Goggo takan kama salati. Ta ce irinsu ne suka tare su a hanya bayan sun ƙetare teku, suka ɗauke ƙanwar uwarta, har yau ba labari. Ba ƙirƙira take yi ba, na ga hawayenta yana ɗiga a zani. In aka harbo ɗaya daga kan doki, mu mata masu azumi, sai mu ce "Allah ya ƙara!" Har ƙosai ya sha ƙonewa a kan haka.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu.

Akwai wata tsohuwa Badawiyya, Balarabiyar daji, da take zagayowa daga bayan dutsen da awakinta, ba su fi goma sha ba. 'Yar firit ce, fuska a rufe, ƙafafunta kamar itacen da aka ƙona. Ta ajiye rabin duro a gefen tanki, in wayit ta zo ta cika shi awakin su sha. Kafin ruwa ya yi wuya babu wanda ya damu da ita. Wadda duk ta taya ta ɗiba, takan tatsar mata nono a kwanon sha. Na sha nonon nan, 'yata ma ta sha lokacin da ta yi ƙyanda. Ba zan ɓoye ba.

Da aka shiga goman tsakiya, wayit ta yi kwana uku ba ta zo ba. Muka sha ruwa da mutsutsun tsutsa a ciki, an tace da ɗankwali. Ran da ta zo, da rabi ta zo, kafin layi ya kai kanmu ni da Zulai famfo ya fara tari. Na juya na ga rabin duron nan cike taf, awaki sun zuba baki a ciki suna kaɗa wutsiya. Na hau dutse da garwa ɗaya, ita ma ba ta cika ba.

Da La'asar ɗin ranar, kamar an shirya, ayarin cikin akwati suka iso wata rijiya, sun kwana biyu ba ruwa. Suka tarar da masu gashin tsuntsu tsaye a kanta. Wani tsoho a cikinsu ya matso ya yi doguwar magana yana nuna ƙasa, yana nuna duwatsu. Goggo ta ce, "Kuɗin fito yake nema, ɗan fashi." Mai gemu ya zaro takardarsa ya nuna masa. Daga nan ya koma ya tara mazan ayari a tsakiyar kekuna, ya yi jawabi, aka ɗaga hannuwa, ya ƙirga. Sannan suka ɗauko bindigogi. Kafin a gama shirin ranar, yaran ayari suna wanka a bakin rijiya, matan suna sunkuye suna godiya.

Goggo ta ce, "Kun ga tsari? Ba wanda ya yi gaban kansa. Shawara aka yi."

Na tsame ƙosan da ke cikin mai, na miƙe na ce, "To mu ma mu yi shawara. 'Ya'yanmu ne za su sha ko awaki? Wadda ta yarda mai awaki ta bar mana tanki, ta ɗaga hannu."

Ba mu taɓa yin haka ba. Mu abin da muka sani, in magana ta taso a kai wa babba, babba ya kira kowa da kowa, har wanda ake ƙara, a ji ta bakinsa. Amma wannan sabon abin ya yi mana kyau a ido. Hannuwa suka tashi, duk ƙullu da mai, ana 'yar dariya kamar wasa. Goggo ma ta ɗaga. Zulai kaɗai ta bar nata a cikin ƙwarya.

Ta ce, "Yaya Rabi, ita fa? Ba za a kira ta a ji nata ba?"

Na ce, "A cikin akwatin kin ga an kira masu gashin tsuntsu sun ɗaga hannu?"

Aka fashe da dariya. Zulai ta sunkuyar da kai. Na ƙirga kamar yadda mai gemu ya yi, ina nunawa da matsami, na ce magana ta ƙare.

Bayan kwana biyu wayit ta zo, a makare, rana ta take sosai. Muka sauka mu takwas, wasu da taɓare. Tsohuwar ta riga ta fara cika duronta da wani gwangwani. Ni na sa ƙafa na tunkuɗe shi. Ruwan da muke faɗa a kansa ya kwarara a ƙasa, ƙasar ta shanye shi nan take har da ƙara. Awakin suka rufu a kan jiƙaƙƙen wurin suna lasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ramin niƙabinta, ta yi magana a hankali. Larabcina na kasuwa ne a lokacin, amma na gane. Ta ce ubanta ya yi kiwo a gindin dutsen nan tun babu bulo ɗaya a kansa. Ta ce a daidai inda tankin yake rijiya ce, kakanta ya haƙa, da ta ƙafe aka cike aka yi gini a kai. Ta ce ita ma azumi take yi.

Kun san abin da na ce mata? Na buga ƙirji na ce, "Ina takardarki?"

Ni! Ni da ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita a lokacin, in na hango motar jami'ai sai na bar kaskon ƙosai na shige lungu.

Ta kalle ni. Sannan ta sunkuya ta ɗauki gwangwaninta, ta bar duron a kife, ta kira awakin da wani sauti na maƙogwaro. Suka bi ta suna waiwayen tanki. A wannan tsakar ranar da ko ƙadangare ba ya fitowa, ta miƙe hanyar kwari, akwai wani ɗan akuya da ya kasa tafiya ta saɓa shi a wuya. Muka cika garwaninmu har da ƙari. Ranar na yi wanka da garwa guda cur, na gasa wa maigidana kafaɗa, na ji daɗi. Ba mu sake ganinta ba, ba mu kuma tambaya ba.

Shekara da shekaru in ana hirar wancan azumin, ni ce mai ba da labarin yadda muka ƙwato tanki da ɗaga hannu. Har kwaikwayon kaina nake yi da matsami, yara suna dariya.

Makon jiya bayan La'asar Asma'u tana ta canja tasha, a nan gidanmu na Rusaifa, sai ga farin ƙyallen kekunan nan a wata tashar tsofaffin shirye-shirye. Na ce, "Tsaya! Alhazan Nasara!" Ta dube ni ta ce, "Esh, ya Sitti? Wane alhazai?" Na ce ta yi min shiru. Na sa tabarau, na matsa gaba, karo na farko a rayuwata zan ji maganarsu da kaina. Rubutun yana gudu, na ce ta nemo min a wayarta inda ake tsayarwa. Ta nemo. Muna tafiya layi-layi, ina bi da yatsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babu wani wurin ibada. Ƙasa suka fito nema. Takardar mai gemu ba fasfo ba ce, hukumarsu ce ta rubuta musu cewa duk filin da suka isa suka kafa turke nasu ne. Addu'ar nan da take sa mu hawaye, godiya suke yi wa Allah da ya ba su ƙasar da babu kowa a cikinta, ga mutane kuwa tsaye a kan dutse suna kallon su! Madugunmu da muke wa guɗa, yaro suke kiransa, da furfurarsa, a bayan keke yake cin abinci shi kaɗai. Ashe mun gani da idonmu, muka ce kunya ce irin ta manya.

Na ce ta nemo min ranar rijiya. Ta daɗe tana lalube, ta samo. Tsohon ya matso, ya buɗe baki, na ce ta tsayar. Ba kuɗin fito yake nema ba. Cewa yake kakanninsa ne suka haƙa rijiyar, su sha su shayar da dabbobinsu su wuce, kada dai su kafa shinge. Jawabin mai gemu kuwa, cewa ya yi su mutane ne masu doka, ba sa yin abu sai da yardar jama'a, don haka a ɗaga hannu. Kuma shirin bai ga laifinsa ba ko kaɗan. Shi aka haska wa fuska, shi aka yi wa kiɗa mai daɗi. Mu ma da ba mu ji ko kalma ɗaya ba, mun ɗauki karatun tsaf, har mun je mun biya shi a gindin dutse.

Na cire tabarau ina ta salati. Asma'u ta ce, "Sitti, tamsiliyya ce kawai, wasa ne, kowa ya san haka suke yi." Na ce, "Ke kika sani." Ranar aka kira Magariba dabino na hannuna, kofin ruwa a gabana yana zufa, sai da ɗana ya ce, "Umma, ki sha mana," sannan na iya kai shi baki.

Goggo Hauwa ta daɗe da rasuwa, kuma ba na ɗora mata laifi. Ita abin da ya same ta a hanya ta gani a cikin akwatin. Ni ce na miƙe da matsami. Dutsen ma an fasa shi, babu tanki, babu matakala, balle wanda zan tambaya ina zuriyar mai awaki. Zulai ce kaɗai ta rage, ta koma Kano wurin 'ya'yanta, ƙafa ta hana ta fita. Na kwana biyu ina juya abin, shekaranjiya da hantsi na sa aka kira min ita. Ban saba ba da haƙuri ba, kowa ya san ni, amma na shirya zan ce mata ke kika yi gaskiya.

Muka gaisa, ya ibada, ya zafi, ya jikoki. Na ce, "Zulai, kin tuna Badawiyyar nan mai awaki, ta bakin tanki?"

Ta ce, "Wace?"

"Wadda muka kora. Ran da aka ɗaga hannu a gidan Goggo, ke kika ƙi."

Ina jin kukan kaji a bayanta. Ta ce, "Ni? Kai, Yaya Rabi, ban tuna ba wallahi. An yi haka? Ni dai na tuna ƙishirwa, da tsutsar nan ta cikin ruwa." Ta yi dariya har da tari. Na ba ta labarin duron, da gwangwanin, da ɗan akuyan a wuya. Ta ce, "Allah sarki. To Allah ya yafe mana baki ɗaya. Me ya tuno miki?"

Na ce shirin nan na gani, na masu kekuna.

Nan take muryarta ta washe kamar ta yarinya. "Alhazan Nasara! Don Allah? Kin san fa ba mu ga ƙarshe ba, ana yin Sallah aka cire shi. Na daɗe ina tunanin bayin Allahn nan. Yaya Rabi, sun isa kuwa?"

Na ce, "Sun isa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ta jira in amsa. Na riƙe wayar a kunne har ta fara cewa, "Halo? Yaya Rabi? Ko layin ne ya yanke?"